'Yan Sa Kai Bisa Dawaki: Tarihin Rundunar Yusufawa a Yaƙin Basasar Kano, 1893–1895

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya taɓa leƙa tarihin Kano ya san jerin nan: Bello ya rasu, aka naɗa Tukur, Yusufu ya ƙi, Alu ya ci gari. Haka muke haddace shi saboda jarrabawa, sai ka ce mutum huɗu ne kaɗai suka taru suka yi yaƙin. Amma ai sarki ba ya fasa ganuwa shi kaɗai. Maƙasudin wannan 'yar maƙala shi ne in jawo hankalin 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu zuwa ga mutanen da ke bayan waɗannan sunaye, watau mahaya dawakin da suka fice daga Kano a ƙarshen shekarar 1893 suka bi Yusufu zuwa Takai, alhali babu wani mai iko da ya kira su. Su ne nake kira 'yan sa kai. Zan duba yadda rundunarsu ta taru, da abin da ya riƙe ta, da abin da ta ci, sa'an nan da wanda ya biya kuɗin cin.

Dalilina na zaɓen wannan batu biyu ne. Na farko, ni mutumin Jama'a ne ta ƙasar Gwarzo, kuma ko da yake a gabashin Kano aka ɗaura wa yaƙin sirdi, arewa da mu, cikin ƙasar Katsina, aka kwance masa. Na biyu, kalmar nan 'yan sa kai ba ta tsufa ba, kullum tana bakin mutanen ƙasashenmu na kan iyaka. Hausawa kuwa sun ce waiwaye adon tafiya.

Yadda ake tara dawakin yaƙi kafin basasa

Kafin mu gane abin da ya sa rundunar Yusufawa ta fita daban, dole mu san yadda aka saba. A ƙarni na 19 Kano ba ta da soja irin na yau, wanda ke zaune a bariki yana jiran albashin ƙarshen wata. In Sarki ya yi niyyar yaƙi, sai ya sanar da hakimai, waɗanda yawancinsu a cikin birni suke zaune, su kuma su tura jakadunsu zuwa garuruwan da ke hannunsu. Ranar da aka yanka, kowane hakimi ya iso sansani da barorinsa da bayinsa, dagatai kuma su kawo dakaru da 'yan baka.

Doki ba abin talaka ba ne. Nagari daga Barno ko Azbin ake kawo shi, kuma sayensa shi ne ƙaramar wahala. Kullum sai an ba shi dawa da harawa ko ingirici, a jiƙa masa kanwa, a ajiye yaron da ba shi da aiki sai yankan ciyawa. Ga sirdi da linzami da likkafa, ga mashi da takobi da garkuwa. Saboda haka mafi yawan barade ba su ne suka mallaki dokin da ke ƙarƙashinsu ba. Ubangida ne ke saye ya ɗora baransa a kai, shi kuma bara in an dawo ya kawo wa ubangida rabonsa na ganima. Wanda ya ba ka doki kuwa, linzaminka na hannunsa.

Dawakin kansu iri biyu ne. Akwai 'yan lifidi, waɗanda ake lulluɓe su da dawakinsu da rigar da aka cusa wa auduga, ga kwalkwali a ka. Ba su da yawa, kusa da Sarki suke tsayawa, aikinsu su fasa sahun abokan gaba, domin kibiya ba ta cika ratsa lifidi ba. Sauran, waɗanda su ne mafi yawa, marasa nauyi ne, masu hari da kora da kewaye. Mai hali a cikinsu ya sa sulke a ƙarƙashin riga. Wajen ƙarshen ƙarnin kuma 'yan bindiga suka ƙaru, galibinsu bayin Sarki. Lokacin yaƙi kuwa sananne ne: bayan an kawar da amfanin gona a fita, da ruwa ya sauka kowa ya koma garinsu.

A nan yammacin Kano, garuruwa masu ganuwa irin su Gwarzo da Karaye tsaron iyaka ne babban aikinsu, saboda harin Katsinawan Maraɗi. Har wa yau, wannan yanki ya riga ya taɓa ganin mayaƙan sa kai tun kafin Yusufawa. A farkon jihadi a Kwazazzabo ne jama'ar Shehu ta Kano ta yi hijira, ta kuma bi ta Gammo da Kabo da Godiya har Karaye. Sai dai mayaƙan jihadi na farko 'yan baka ne galibi. A Tabkin Kwatto ma, cikin 1804, dawakin jama'ar Shehu ba su wuce kamar ashirin ba, sai daga baya ganima ta ɗora su bisa sirdi. Waɗancan sun fita da aƙida ba dawaki. Jikokinsu na 1893 kuwa sun fita da dawaki, ga kuma ƙullin zuci na shekara goma sha ɗaya.

Abin da ya haifi rundunar

'Ya'yan Sarki Ibrahim Dabo uku ne suka yi sarautar Kano bi da bi: Usman, da Abdullahi, da Muhammadu Bello. Abdullahi Maje Karofi shi ya fi daɗewa, daga 1855 zuwa 1882, kuma Allah ya ba shi 'ya'ya da yawa, ya rarraba musu sarautu da garuruwa. Da Bello ya hau, sai ya sa gaba ga shirya wa ɗansa Tukur gado. Ya yi ta tuɓe 'ya'yan wansa da mutanensu ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga Tukur har ya kai shi Galadima. Shi Yusufu, tun zamanin mahaifinsa ya taɓa riƙe wannan sarauta ta Galadima, makircin fada ya raba shi da ita, kuma da aka zo naɗi a 1882 aka tsallake shi.

To, mai karatu ya dubi abin da wannan ya tara a cikin birni. Ga mutane da yawa waɗanda bisa doki suka tashi, sun koyi yaƙi a fagen Ningi, suna da barori da dangi, amma an raba su da garuruwan da ke ciyar da su. Doki na turke, rumbu ba dawa. Irin wannan taro ko ba a yi masa gangami ba, jira kawai yake.

A 1892 Sarkin Musulmi Abdurrahman ya kai wa Argungu yaƙi, Kabawa suka fatattaki rundunarsa. Tukur ne ya jagoranci mutanen Kano a wannan fita, ya kuwa nuna jaruntakar da Sarkin Musulmi bai manta ba. Da Bello ya rasu a ƙarshen 1893, Wazirin Sakkwato Buhari yana cikin Kano, kuma ya ga inda zukatan mutane suka karkata. Duk da haka umurni ya zo daga Sarkin Musulmi cewa Tukur za a naɗa, aka kuwa naɗa shi. Mafi yawan 'ya'yan Abdullahi suka ƙi yin mubaya'a. Ba da jimawa ba suka ɗaura sirdi suka fice, suka nufi Takai a kudu maso gabas. Zaɓen Takai ba a banza ba ne: tun zamanin Abdullahi sansani ce ta yaƙin Ningi, akwai gidan sarki da bayinsa a can, kuma mutanen wannan yanki sun san Yusufu a fagen fama.

A bisa ƙa'idar daular, Tukur ne Sarki, shi ke da ikon kiran yaƙi. Duk wanda ya juya kan dokinsa zuwa Takai ya san cewa ya saɓa wa Kano ya saɓa wa Sakkwato, kuma gidansa da iyalinsa da ya bari a birni suna hannun wanda ya ƙi.

Su wane ne suka hau?

In muka bi abin da masana suka tattara, musamman Adamu Fika a littafinsa na 1978 kan basasar, za mu iya kasa rundunar kashi huɗu. Kashi na farko su ne 'ya'yan Abdullahi da jikokinsa, kowanne da barorinsa. Kashi na biyu 'ya'yan manyan gidajen Fulanin Kano ne, irin su Yolawa da Joɓawa da Dambazawa. A nan ne basasa ta amsa sunanta, domin gidajen tsagewa suka yi: mai riƙe da sarautar gida ya tsaya wurin Tukur, ɗan'uwansa da ke ganin shi ya fi cancanta ya tafi Takai. Kashi na uku bayin Sarki ne na zamanin Abdullahi waɗanda aka ture gefe, kamar Harisu da Nuhu, waɗanda a zamanin Alu suka riƙe sarautun Shamaki da Ɗan Rimi. Su ne suka san bindiga, suka kuma san sirrin fada. Kashi na huɗu sarakunan garuruwan gabas ne da mutanensu, wasu da son rai, wasu don tsoro, tare da gudummawar da ta zo daga Gumel, wadda dama ba ta ƙarƙashin Sakkwato. A bayan duk waɗannan kuma ga masu bin ƙura don ganima, waɗanda ba a rasa su a kowane yaƙi.

A nan ya kamata mu yi hattara da kalmar sa kai. Ɗan sarki da ya bar gidansa ya sa kansa, ba shakka. Amma baran da ke bisa dokin ubangida fa? Shi dokin ya bi. Yaron da ke yankan ciyawa kuma bara ya bi. Watau sa kai ɗin na manya ne, sa'an nan ya gangaro bisa na ƙasa ya zama tilas. Wannan bai rage wa rundunar ƙarfi ba, ƙara mata ma ya yi, gama kowane babba da ya sauya sheƙa, da ayarinsa yake tafiya.

Me ya riƙe su wuri ɗaya, tun da ba baitulmali ba albashi? A ganina abu uku ne. Akwai zumunci da tsohuwar biyayya ga gidan Abdullahi. Akwai sa rai, domin kowa ya san in aka ci Kano, rawanin da ke kan ɗan'uwansa zai dawo kansa. Sa'an nan akwai rashin wurin komawa. Rundunar da Sarki ya tara tana watsewa da saukar ruwa, saboda kowa na da gona. Wanda ya bar gida a hannun abokin gaba kuwa ba shi da gonar da zai koma, don haka ne Yusufawa suka iya riƙe fage har cikin damina.

Ba laifi mu leƙa wata ƙasa don kwatanci. A yaƙin basasar Amurka, daga 1861 zuwa 1865, jihohi ne suka riƙa tara rundunonin dawaki na 'yan sa kai. Kowace runduna tana da lamba da sunan jiharta, an kasa ta ƙungiya goma ko goma sha biyu, mutum kamar dubu, an rubuta sunan kowa a rajista, an yanka masa wa'adi da albashi. A ɓangaren Kudu mahayi da dokinsa yake zuwa, ana biyansa santi 40 kowace rana ladan dokin, in kuma ya rasa shi bai sami wani ba, sai a mai da shi sojan ƙasa. Ta wajen doki sun yi kama da namu. Bambancin shi ne, su akwai hukumar da ta rubuta su, take ciyar da su, take iya hukunta su. Yusufawa kuwa a kan hukuma suka tashi, saboda haka ba su da ma'aji sai fagen yaƙi, ba su da rumbu sai na talakawa. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu komo kansa.

Daga Takai zuwa Kano

Yusufawa sun fara da garuruwan gabas da kudu maso gabas, suna bin su ɗaya ɗaya. Garin da ya buɗe ƙofa ya kawo dawaki da hatsi ya tsira, wanda ya rufe aka faɗa masa. Gaya na cikin waɗanda suka tsaya wa Tukur, aka ci ta da yaƙi. A irin wannan aiki doki ba shi da na biyu: kafin labari ya kai birni a shiryo gudummawa, an riga an kewaye gari an gama.

Birnin Kano kuwa wani abu ne daban. Doki ba ya tsallake ganuwa, ƙofofin kuma ƙunci gare su, 'yan bindiga kaɗan sun isa su tsare. Farmakin farko da Yusufawa suka kai an kore su da hasara. A nan Tukur ya sami damar da za ta iya gyara masa al'amari, amma bai yi amfani da ita ba. Aka karkashe waɗanda aka kama, aka kuma shiga farautar duk wanda ake zargi da son Yusufu a cikin gari. Wanda dā yake shakka, sai ya ga zamansa a birni ya fi fita haɗari. Haka Tukur ya riƙa tura wa abokan gabansa mahaya da hannunsa.

Cikin 1894 Yusufu ya rasu a Garko, abin da ya sa ake ce masa Maje Garko. Babu lokacin da ya fi wannan haɗari ga rundunar sa kai, domin mutum aka biyo, ga shi kuma ƙasa ta rufe shi. Ga 'yan'uwa da yawa a sansani, kowanne ɗan sarki ne, kowanne da dawakinsa. Da sun yi gardama, da a nan labarin ya ƙare. Sai suka haɗu a kan Aliyu, wanda ake kira Alu, ko da yake akwai waɗanda suka girme shi. Hikimar zaɓen a fili take: mahaifiyarsa Saudatu 'yar Sarkin Musulmi Aliyu Babba ce, wanda ya yi sarauta daga 1842 zuwa 1859. Watau tun suna cikin tawaye suna tunanin ranar sulhu, suka ɗora wanda Sakkwato za ta ji nauyin ƙi, tun da jininta ne.

Cikin daminar 1894 Alu ya komo wa birnin da dukan ƙarfinsa, wannan karo kuwa aka shiga. Garin da rabin zuciyarsa ke waje ba ya tsaruwa, da ɗan gari akan ci gari. Tukur ya fita da hakiman da suka rage masa, ya yi arewa maso yamma ya shiga ƙasar Katsina, ya sauka a Kamri. Sarkin Musulmi ya aika wa sarakuna takardu su taru su mai da shi gadonsa, amma yawancinsu suka yi ta jan ƙafa. A watan Maris na 1895 aka yi karon ƙarshe a Tafashiya, cikin ƙasar Kankiya ta yau. Aka yi wa Tukur rauni, bai kuwa tashi ba. Daga fitar Yusufawa zuwa wannan rana, shekara ɗaya ce da 'yan watanni.

Wa ya biya?

Yanzu sai mu koma kan maganar rumbu. Dubban dawaki da mahayansu da masu yi musu hidima ba iska suke ci ba. Duk inda sansani ya sauka, dawar da manomi ya tara don iyalinsa ita ce abincin doki. Abin da ya fi wannan muni shi ne kamun mutane. Shari'ar da daular ta ginu a kanta ta hana bautar da Musulmi ɗa, amma a basasa an kama 'ya'ya an sayar, don kawai garinsu ya tsaya wa wancan ɓangare, ko kuwa don yana kan hanya. Wani Bature mai suna Robinson, wanda ya iso Kano a Disamban 1894 don nazarin Hausa ya yi wata uku, ya rubuta cewa ya ga ana shigowa da kamammu masu yawan gaske cikin birnin.

Tarihin fada ba ya tsayawa kan irin waɗannan mutane. Wanda ke son ya ji yadda ƙurar dawaki take a idon mutumin ƙauye, sai ya nemi labarin Baba ta Karo, wadda ta tashi kusa da Zarewa a nan kudu maso yammacin Kano, ta kuma ba Mary Smith tarihin rayuwarta aka buga a 1954. Maharan da ta ba da labarinsu ba na basasa ba ne, amma zamanin ɗaya ne, kuma abin da ta bayyana shi ne abin da kowane ƙauye ya sani: gudu zuwa gari mai ganuwa, da kame mata da yara, da tara wuri don fansar dangi. Matar da ke gudu da goyo ba ta tsayawa tambayar ko mahayin Batukure ne ko Bayusufe.

Su kuma mahayan, an biya su. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, Alu kuwa ya san da bashin wa ya hau. Wansa Ahmadu ya zama Waziri, Abbas ya zama Wambai, sarautun manyan gidaje suka koma hannun reshen da ya je Takai, bayin Sarkin da suka taimaka suka sami ƙarfin da ya fi na dā. Tukurawa suka rasa gidaje da muƙamai. Sakkwato, bayan ta ga ba yadda za ta yi, ta amince da Alu. Buhari na Haɗeja ya taɓa ƙin umurninta a shekarun 1850, amma wannan karo Kano ce, mafi arzikin ƙasashen daular, ta nuna cewa mashi na iya warware abin da takardar Sarkin Musulmi ta ƙulla. Kuma hukuncin da waɗannan mahaya suka yanke bai tashi ba: tun daga 1894, duk wanda ya hau gadon Dabo daga tsatson Abdullahi Maje Karofi ya fito.

Ƙarshen rundunar

Bayan basasa 'yan tawayen jiya suka zama rundunar Sarki. Su ne suka tari Damagaram a ƙarshen shekarun 1890, Alu kuma ya ƙara yawan bindigogi har ana yi masa laƙabi da Mai Sango. Amma ranar 3 ga Fabrairu 1903, sa'ad da sojan Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka fasa Kano, Sarki da mafi yawan dawakinsa ba sa gari, sun tafi Sakkwato. A hanyar komowa labari ya same su. Alu ya rabu da rundunar ya yi arewa, daga baya aka kama shi aka kai shi Yola, sa'an nan Lakwaja, inda ya rasu a 1926.

Sai ga mutanen nan sun sake samun kansu inda suka taɓa tsayawa shekara tara da suka wuce: ba Sarkin da zai ba da umurni, kowa sai abin da zuciyarsa ta ba shi. Wasu suka bi Wambai Abbas suka koma Kano, Turawa suka naɗa shi Sarki. Wasu suka bi Waziri Ahmadu. A ƙarshen Fabrairu, kusa da Kwatarkwashi ta ƙasar Zamfara, suka yi karo da wata 'yar ƙungiyar sojan Turawa, mutum arba'in da 'yan kai, waɗanda suka yi sahu kusurwa huɗu suna harbi ta kowane gefe. Dawakin Kano suka yi ta kai sukuwa suna komowa, harsashi na zubar da su tun kafin mashi ya kai. Nan Waziri Ahmadu ya faɗi, shi ne har yau ake kira Mai Shahada. Wannan ma sa kai ne, kuma ba rawani ko ganima a gabansa. Daga ranar nan dokin yaƙi ya zama dokin hawan salla.

Kammalawa

Abin da na fahimta daga wannan tarihi shi ne, sa kai ƙarfi ne wanda ba shi da alƙibla tasa ta kansa. Mutanen da suka ƙone garuruwan 'yan'uwansu a 1894, a cikinsu ne aka sami waɗanda suka ba da rayukansu a 1903. Jaruntaka ɗaya ce, abin da aka sa ta gaba ne ya bambanta. Saboda haka in za mu auna kowace rundunar sa kai, bai isa mu tambayi ko jarumawa ne ba. Sai mu tambaya: wa ya ba su abin hawa? Daga rumbun wa suke ci? In sun yi laifi, gaban wa za a kai su? In an gama kuma, da me za a sallame su?

Waɗannan tambayoyi ba na ɗakin jarrabawa kaɗai ba ne. A 2013 samarin Maiduguri sun tashi da gora don kare unguwanninsu. A Zamfara da Katsina ma 'yan sa kai sun tashi saboda 'yan bindigar daji, babur ya maye gurbin doki, an yaba musu a wani wuri, an koka da su a wani. Da gwamnatin Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, Zamfara kuma ta kafa Askarawa a 2024, ƙoƙari ne na a sa irin waɗannan mutane cikin rajista da albashi da hukunci, watau abubuwan nan da Yusufawa ba su da su. Mu da iyaka ɗaya ta raba mu da Katsina, bai kamata mu ɗauki wannan magana ta nesa ba.

Daga ƙarshe ina kira ga 'yan'uwana na wannan ƙungiya, musamman 'yan Gwarzo da Kabo da Karaye. In mun je hutu, mu zauna da tsofaffi da maroƙa da makaɗan fada, mu rubuta kirarin gidaje, da tarihin kufai, da labarin kakannin da aka kama ko aka fansa. An rubuta tarihin waɗanda suka hau. Na waɗanda aka bi ta kansu kuwa yana bakin jikokinsu, mu ne kuma ya wajaba mu ɗauko shi. Allah ya kiyashe mu da sake ganin basasa, amin.